Ɗakin Ibtisam Babu Jere

Ƙofar Kuyambana, Zariya.
Farkon watan Rajab.

Zuwa ga Yaya Tani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewa. Yaya gwiwar taki, ta fara barinki ki yi salla a tsaye? Yaya Alhaji da jikoki? Mu nan sai godiyar Allah.

Da waya zan kira ki, to Ibtisam tana gida, maganar kuma a kanta ce. Kin san tun ranar da aka yaye ta ƙanenmu ya kawo min ita. Ni na koya mata baƙi da wasali, ni na raka ta jami'a. Tun tana firamare nake tara mata kayan ɗaki: tangaran, kuloli, kabet mai gilashi, labule masu nauyi. To, Suhail da zai aure ta ya ɗora bene a gidansu na Ƙofar Galadima, ɗaki da falo da ɗan kicin, ita kuwa ta ce kada a yi mata jere. Wai ɗaki yana son sarari, ba tarkace ba. Yaya, kayana ne tarkace!

Na san ba yin ta ba ne, yin Radiya ne, malamar da ta koya mata zanen gine-gine. Yanzu ba a buɗe baki a gidan nan sai an ce Anti Radiya ta ce. Ta ce farin fenti. Ta ce a faɗaɗa taga ta kalli dutsen Kufena. Na ƙare ƙuruciyata ina hana 'ya'yan mutane hassada a aji, ga shi yau in na ji sunan matar nan sai tuwo ya tsaya min a wuya.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙanwarki,
Asma'u.

Ƙarshen Rajab.

Yayata,

Sallama da fatan alheri. Na ji daɗin jin cewa man zafin ya yi miki amfani. Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ce in je in gani da idona, na je. Bango fari tas, ko hoto babu. Kafinta ya haƙa durowoyi a cikin bangon, ƙofofinsu launi ɗaya da shi, ba mariƙi, sai an danna su buɗe. A falo dogon benci ne kawai na katako da matasai, sai tabarma. Gadon ma gajere ne, kamar yana jin kunyar tashi daga ƙasa.

Na tarar da Radiyar. Na tafi da shirin samun laifinta, sai ga mace ta durƙusa har ƙasa tana ce min Gwaggo, ta ɗauko min ruwa da kanta. Wallahi da ta yi min girman kai da na fi samun sauƙi.

Na ce ko kabet ɗin kaɗai a sa a kusurwa, don matan dangi za su zo ganin ɗaki, kada a ce na riƙe yarinya na kai ta hannu rabbana. Kafin Ibtisam ta ba ni amsa sai ta juya ta kalli Radiya. Wannan kallon ni ake yi wa a da, in malami ya yi tambaya, in likita ya ɗauko allura. Ban ji me suka ce ba ma. Na ce rana ta yi, na sauko.

Abin da ya fi ƙona min rai, iskar da ke shigowa ta tagar nan tana da daɗi.

Taki,
Asma'u.

Tsakiyar Sha'aban.

Yaya Tani,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wuni lafiya ke da mutanen gida. An yi biki lafiya, saƙonki ya iso, amarya tana godiya.

Ranar ganin ɗaki abin da na ji tsoro ya faru. Mata suka hau bene suka yi cirko-cirko. Hajiya Binta, gwaggon ango, ta ɗaga murya tana tambaya ko motar kayan ce ta lalace a hanya. Aka kwashe da dariya. Ibtisam tana zaune cikin mayafi, na ga ta sunkuyar da kai. Radiya ta gyara murya za ta yi magana. Ni kuwa na rantse a raina ba za ta riga ni kare 'yata ba.

Na miƙe kamar ina gaban allo. Na danna bango ya buɗe, ga tufafi a jere. Na ɗaga murfin benci, ga barguna. Na ce kowa ta zauna ta miƙe ƙafa, ta gaya min ɗakin amaryar da ta taɓa shiga ta samu wurin yin haka. Na sa aka kashe fanka suka ji iska. Na ce amaryar da ba ta wuni tana goge tangaran ita ce mai lokacin karatu da mijinta. Duk maganganun Radiya ne, Yaya, ashe na haddace su don haushi.

Mata suka ɗauka dabarata ce, ni kuma ban gyara musu ba. Radiya sai murmushi take yi. Har Hajiya Binta ta ce in zo in tsara wa 'yarta Munira ɗaki, ni da ban san kan abin awo ba. Allah ya fitar da ni.

Ban ce na daina jin zafin matar nan ba, ƙarya ba kyau. Amma da na koma na zauna, hannu ya fito daga cikin mayafi yana lalube. Radiya tana hannun daman amarya, jikinsu har yana gogar juna, ni ina can gefen hagu. Sai da yarinyar ta miƙo sosai ta kamo hannuna, ba ta kuma sake shi ba har mata suka watse.

Ki gaida Alhaji. Allah ya kai mu azumi lafiya.
Ƙanwarki,
Asma'u.