Inna, Ashe Baba Ne Mai Gadin

Assalamu alaikum Inna. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga mahaifiyarta, da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi.

Kin san ni da surutu, ke kika ce bakina ba ya hutun Juma'a, amma tun ranar Talata na koma kamar kurma.

Bayan rasuwarki na fara rubuta wa yara littafin labari. Na ɗauko tarihin gobarar tsohon kamfanin man gyaɗa, wadda aka yi kafin a haife ni, don 'yan ajina su san abin da ke faruwa idan aka rufe ƙofa kan ma'aikata. Abin da kowa ke faɗa shi na rubuta: mai gadi ya garƙame ƙofar baya da kwaɗo, ya yi tafiyarsa, wuta ta tashi. Ban san sunansa ba, ban kuma nema ba. Sai na yi masa jajayen idanu da ƙaton tumbi da muguwar dariya. Har yaba wa kaina na yi.

Na karanta wa 'yan aji huɗu. Jikarki Nana, 'yar tawa ta cikina, ita ta fara miƙewa ta ce wa mai gadin Allah ya isa, sauran suka amsa. Ni kuwa ina murmushi, wai labari ya shiga.

Ranar Talata, kafin in kai wa masu bugawa, na je Kambarawa wurin Malam Iro, tsohon da ya fita daga gobarar da ransa. Na karanta masa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malama, kin zalunci bawan Allah. Manaja ya ce a riƙa kullewa saboda ɓarayin mai. Ran Juma'a ba a kashe inji, mu muka tsaya, shi mai gadin ya tafi masallaci da makulli cikin aljihu, kamar kullum."

Ya ce da hayaƙi ya tashi, mai gadin ya bar sahu ya sheƙo ba takalmi. Kwaɗon ya yi ja, ya kama shi da hannu biyu ya buɗe. Wasu suka fita. Wasu an makara.

Na tambayi sunansa don in gyara. Ya ce, "Malam Sule na Ƙofar Kaura, wanda ya koma saida goro. Mijin Hajara mai ƙosai. Kin san su?"

Inna, biro ya faɗi daga hannuna. Ban iya ce masa ni 'yarsu ce ba. Ban ma san yadda na hau keke napep na iso gida ba.

Hannuwan Baba! Tafukan nan masu sheƙi da ba sa dunƙulewa. Ina tuna ki kina ɓalla masa maɓallin riga, kina ba shi tuwo da cokali idan babu baƙi. Na tambaye ki, kika ce, "Tsautsayi ne, ci abincinki." Shekarata bakwai ya rasu, kuma har kika bi shi ba ki ƙara mini kalma ɗaya ba.

Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Da kin faɗa mini, da ban tsaya gaban yara na sa an tsine wa ubana ba. Daga baya na tuna cikin masu sayen ƙosanki akwai matan da mazansu ba su fito ba. Kullum da safe kina kallon idonsu. Sai fushin ya koma kuka.

Na fasa kai littafin, zan sake shi. Ba zan wanke Baba ba, Inna, ki yafe ni. Shi ya kulle, shi ya buɗe, duka biyun zan rubuta, da wanda ya ba da umarnin.

Jiya na zaunar da Nana na faɗa mata. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta tambaye ni ko ana iya janye Allah ya isa idan mutumin ya riga ya mutu. Muka yi alwala tare, ta ɗaga hannu ta ce ta janye.

Allah ya karɓa mata. Allah ya jiƙan waɗanda wutar ta ci, ya gafarta wa Baba, ya haskaka kabarinki.

'Yarki mai neman afuwarku ku biyu,
Binta