Butar da Aka Wanke da Sabulu

Dingshu, 3 ga Maris

Yaya Sulan,

Bayan gaisuwa mai yawa. Mama na gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi. Na rubuta a takarda na ɗauko hotonta, don kin san ni da latse-latsen waya.

Jiya da safe na je ganin butar shayin da kika aiko min hotonta, wadda mai tallan ya ce aikin Babanmu ce. Ban shiga ta gaban shago ba, ta baya na zagaya. Ga abin da na gani. Butoci ɗanyu sun fi ɗari a jere, duk zubin inji, wani mutum yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana danna musu hatimi a gindi, sigari a bakinsa. Na matsa na leƙa. Hatimin Baba ne, Yaya, har da ɗan ɓallin nan na gefe. A ɗaya kusurwar kuma mata biyu na shafa wa gasassun man goge takalmi don su yi kamar sun tsufa.

Ɗaya ta ce, "Kai ɗan samari, saye ko kallo?"

Na ce, "Kallo, Inna."

Ta ce, "To matsa, ka tare mana rana."

Kada ki saya. Nan gaba in kin ga wata a waya, ki ce su nuna miki cikinta. Ta hannu tana da layin haɗi ta wajen mariƙi. Baba bahago ne, don haka kankarar gindin tasa hagu take juyawa. Ƙyallin gaskiya kuma daga cikin yumɓu yake fitowa a hankali. In kin ga tana walƙiya kamar goshin mai sanƙo, mai ne.

Ki riƙa sa rigar sanyi.

Ƙaninki,
Genlin

*

Toronto, 9 ga Maris

Kunkuru,

Ina gaishe ka, ka gaishe min da Mama. Kwana goma kafin ka je shagon da ke bayan layinku? Da wuta ce ta kama ni, toka za ka tarar.

Na riga na saya. Ta iso shekaranjiya. Na zuba mata ruwan zafi, ɗakin ya ɗauki warin shagon mai gyaran takalmi. Ita ce ta takwas. Duk suna kan kanta a jere, mijina yana kiransu surukansa.

Ka yi dariya in ka ga dama. Kai kana naɗe butoci ɗari uku kullum a wurin aikinka, kana taɓa su da hannunka. Ni gilashin waya kawai nake taɓawa.

Kana da shekara goma lokacin, ban sani ba ko ka tuna. Ana sharar sabuwar shekara, na ɗauki butar Baba ta gida, wadda ya shekara ashirin yana reno da baƙin shayinsa mai ɗaci. Na ga cikinta baƙi ƙirin. Ni 'yar makarantar kwana, an koya mana tsafta. Na sa mata sabulu da soso, na dirje ta tas, har ina jiran yabo. Ya shigo, ya ɗaga murfin, ya shinshina, ya mayar, ya fita. Ko da tsawa bai yi min ba. Da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Shekarar da ta biyo na tafi karatu, kuma duk hirarmu ta waya ba ta wuce "Kin ci abinci?" ba. Na yi ta cewa baɗi zan zo. Sai annoba ta rufe hanya, kuka binne shi ba ni.

Buta ɗaya nake so wadda hannunsa ya taɓa, in rene ta shekara ashirin, in mayar masa da abin da na wanke. Shi ke nan.

Amma ka gaya min, yaya aka yi hatiminsa ya je hannun mutumin nan?

Yayarka,
Sulan

*

Dingshu, 21 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na daɗe ban amsa ba don tambayarki ta ƙarshe ta yi min nauyi.

Ni ne. Bayan rasuwar Baba wani dillali ya zo neman kayan aikinsa. Mama ba ta iya kallon teburin, sai na tattara madaɓi da wuƙaƙen gora da komai a akwati na ba shi. Ban duba ƙaramin aljihun akwatin ba. Hatimin yana ciki. Duk butar ƙarya da kika saya, ni na buɗe mata hanya. Ki yafe min.

Kuma ki daina nema. Baba ya yi wa manyan gwanaye aiki ne duk rayuwarsa, shi ya ƙera, su su buga sunansu. Butocinsa suna gidajen masu hali da sunan wasu. Hatiminsa sau ɗaya ya taɓa danna shi, a gindin butar gida.

Na tuna ranar sabulun. Abin da ya biyo baya ne ba ki gani ba. Butar ta shekara a saman kabad ba a taɓa ta. Washegarin da muka raka ki tasha, da sassafe, ya sauko da ita. Ya dafa ta a ruwa zalla sau uku. Kawu Fan mai kula da matoyar da ake gasa butoci ya shigo, ya ce, "Tsoho, gawa kake wa wanka?"

Baba ya ce, "Zauna, kai da ba ka bambance shayi da ruwan wanki."

Sai ya buɗe gwangwanin jan shayin garinmu, wanda kike so, wanda yake cewa shayin yara ne. Mama ta ce ya rikice ne? Kin san buta ɗaya shayi ɗaya take sha har ta mutu. Ya ce, "Yarinyar ta wanke nawa. Yanzu babu kowa a ciki. Sai a zuba nata."

Shekara goma yana shan shayin da ba ya so, kowace safiya, yana ɓata fuska. In ya gama ya zuba mata ragowar a jiki, ya goge da tsumma. Ya ce kada a gaya miki, in kin zo bakinki zai gaya miki. Ni kuma na yi shiru, don ban san abin yana cin ki ba. Tun da ya rasu ni nake yi mata. Yanzu ko ruwan zafi zalla aka zuba, da ƙamshi yake fitowa.

Na san za ki ce in aiko. Ba zan aiko ba. Na san yawan waɗanda ke fashewa a hanya, ni nake share ɓaraguzan in an dawo da su. Ranar sharar kaburbura, da kowa ke dawowa gida ya gyara na iyayensa, saura mako biyu.

Ƙaninki,
Genlin

*

Toronto, 23 ga Maris

Genlin,

Gaisuwa. Zancen hatimi ya wuce, kada ka ƙara tayar da shi.

Na karanta a wurin aiki, sai da na shiga banɗaki na kulle. Amma na san ka. Tun kana ƙarami kake gyara labari don kada wani ya yi kuka. Shekara takwas nake sayen abin da aka shafa wa mai. Idan naka ma shafawa ka yi don in zo gida, ka faɗa min yanzu. Na buɗe shafin tikitin jirgi, ban danna ba.

Sulan

*

Dingshu, 24 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ki. Ban shafa komai ba. Wannan ba a gane ta a hoto, sai an ɗaga murfi. Na sayi sabon ganye, na sauko da kofinki mai tsaga a baki.

Waccan safiyar da Baba ya sauko da butar, ba ni kaɗai ba ne a ɗakin. Mama tana tsaye bakin murhu da ludayi a hannu, ki kira ta. Da Kawu Fan, wanda aka fara zuba wa, ya kurɓa ya ce sabulu yake ji, Baba ya kore shi har bakin ƙofa.

Ƙaninki,
Genlin