Tsumma a indararo

Maman Auta,

Na fita neman bututun da zai karkatar da ruwan indararonmu. Ban jira dawowarki ba, hadari na haɗowa.

Na hau rufin, na gano yoyon. Indararon gabas ne a toshe. Ruwa ya kwanta kan simintin har idon sawu, yana bin tsaga yana fitowa saitin gadon yara. Daga cikin ɗakin na taɓa tabon yoyon da sanda, filasta ta ɓanɓaro ta faɗo kan filon Auta.

Da tsumma aka toshe indararon, kuma da gangan. Na leƙa na ga dalili. Ruwanmu kan bangon ƙasar maƙwabci yake zuba, ɗakin da tsohuwarsa ke kwana, har gindin ya zaizaye. Na kama tsumman zan zare, na kasa. Na rasa wanda ya zalunci wani tsakaninmu.

Ki fitar da katifun yara, ki kulle ɗakin, kada a kunna fitilarsa. In ruwa ya riga ni dawowa, ki fara kawo tsohuwar falonmu, ko da goyo ne. Sannan a zare tsumman.

Baban Auta