Na Suma A Ƙasan Ruwa Ban Ji Alamar Komai Ba

Anti Likita, don Allah ki taimake ni da shawara.

Ni makanike ne, kuma tun ina yaro ruwa ne abokina. Duk ƙarshen mako nakan je wurin ninkaya in wanke gajiyar gareji. Akwai wata dabara da nake yi: kafin in nutse sai in yi ta jan numfashi da sauri ina fesarwa, har kaina ya yi sakayau. Haka nake daɗewa a ƙasa, abokai suna tafi. Watan jiya na yi hakan na nutse. Wallahi ban ji ƙirjina ya matse ba. Farkawa kawai na yi a bakin ruwa ina amai, yayan matata durƙushe a kaina, ya jiƙe sharkaf har takalmi, ashe shi ya tsamo ni. Mutumin da bai iya ruwa sosai ba, rakiya kawai ya yi min! Kullum ina gode wa Allah, ina gode masa, har ya ce na ishe shi. Maiɗakina kuwa ta ɓoye wandon ninkayata, ta ce ko bokitin wanka sai da izininta. Ban ga laifinta ba, amma Anti, ruwan nan ne hutuna. Me ya same ni? Shi ke nan na haƙura?

Mai Son Ruwa

Ɗan'uwa, barka da arziki. Allah ya saka wa surukinka.

Dabararka ce ta kusa halaka ka. A gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da lakar ƙashin baya, akwai sashen da ke tafiyar da numfashi. Abin da ya fi sa wa ido shi ne kabon dayoksaid, iskar da jiki ke fitarwa. In ta taru a jini, sai ya matsa maka ka shaƙi iska ko ba ka so. Da ka yi ta fesar da numfashi, ka kore ta, sashen ya zaci lafiya lau. Oksijin kuwa, iskar da jiki ke rayuwa da ita, yana ta ƙarewa shiru, har ka suma.

Ninkaya ba laifi ba ce, amma wannan wasa ka bar shi har abada, ka kuma gargaɗi abokanka. Je asibiti a duba zuciyarka da huhunka. In likita ya yarda, ka koma, amma kada ka shiga ruwa ba mai kallonka.

Ita kuma uwargida, ka zauna ka yi mata wannan bayani, kada ka gaggauta ta. Macen da aka ce mata an tsamo mijinta a sume ba ta hucewa a wata guda.

Allah ya ƙara lafiya, ya bar ku tare.