Taron da Ya Cika Ɗakinki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata Inna Habsu, a makwancinki na bayan Akokan.

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ni ne Sani, wanda kike cewa bakinsa ya fi ƙafarsa sauri.

Inna, shekara biyu ke nan ban gai da Gwaggo Tima ba, aminiyarki ta bayan katanga. Ba ki san dalili ba, don abin ya faru ne bayan kin gama kokawa da numfashi.

Mura ce ta zagaya unguwa, ta zo ta tada miki fuka. Da hantsi Rabi ƙanwata ta yi ihu, mata suka cika ɗaki, mai fifita, mai tofi, mai jiƙo. Gwaggo Tima ta shigo da kaskon turare tana kai miki hayaƙi ga hanci, wai ya buɗe ƙirji. Na dawo daga tasha ban sami wurin sa ƙafa ba. Kafin a samo motar da za ta kai ki asibitin Arlit, kin cika. A tsakar gida, gaban jama'a, na ce mata ita ta kashe ki. Kaskonta ta ɗauka ta fita.

Da aka rufe ramin ma'adinin yuraniyam gari ya fara watsewa. Majon nan, malamin asibitin da ke ba ki magani, zai koma Tawa, ya bar mini kwalin littattafai. Da guntun Faransancin da na tsira da shi daga makarantar lakwal da wani ƙamus mara bango na shiga karatu. Ba don ilimi ba, wallahi. Hujja nake nema in ƙara kama Gwaggo Tima da laifi.

Abin da na tarar ya kashe mini baki, ni Sani.

Ashe idan ƙwayar mura ta shiga hanyar iska, namanki na wurin ba ya shiru. Yana sakin wasu 'yan mitsi-mitsin sinadarai, kemokin ake ce musu, aikinsu kira kawai. Can cikin jini akwai fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki, suna wucewa abinsu. Da kiran ya taɓa su sai su rage gudu, su manne da bangon jijiya, su matse jiki su kutsa ta cikinsa. Ba ido, ba kunne, Inna! Inda kiran ya fi ƙarfi nan suke dosa, kamar raƙumi ya shaƙo ruwa daga nesa. Kuma kowace iri da nata kiran, ba a kiran mai kashe gobara a ga mahauci. Duk wannan a ƙirjin macen da ke suyar ƙosai a bakin kasuwa, ita ba ta sani ba, mu ba mu sani ba. Na ajiye littafin na ce Subhanallah har sau nawa ban sani ba.

Sai shafi na gaba. A jikin mai fuka, kiran ba ya tsayawa. Masu ɗauki su yi ta zuwa, su yi ta zuwa, bango ya kumbura, majina ta taru, hanya ta tsuke har iska ta rasa wurin wucewa. Ba maƙiyi ba ne ya toshe ki. Naki ne, da suka ji kina kira suka zo gaba ɗaya.

Nan na ga ɗakinki ranar nan. Ciki taro, waje taro.

Kada ki ce na sauka daga maganata duka. Hayaƙi yana cutar da mai fuka, wannan ko gaban wa zan faɗa. Har yau ina jin haushin garin nan da ma'adininsa ke haska biranen wasu, amma uwata ta rasa maganin shaƙa a ƙarƙashin matashinta. Sai dai idan jinin jikinki, da Allah ya tsara da wannan hikima, ya kasa sanin inda taimako ke tsayawa, wane ni in nemi haka wurin tsohuwar da ta baro tukunya a wuta ta rugo ba takalmi?

Kin sha faɗa mini: "Sani, wanda ya taka ka garin kawo maka ɗauki, ba a duba ƙafarsa." Ni kuwa ƙafar na tsaya kallo shekara biyu.

Rabi ta ce ran Juma'a Gwaggo Tima za ta koma wajen danginta a Dannet, ba dawowa. Na sayi shayi da sukari, suna nan cikin leda. Gobe da safe zan je in durƙusa a ƙofarta. Ban san me zan ce ba, kuma kin san wannan bai taɓa faruwa da ni ba.

Allah Ya yalwata kabarinki, Innata, Ya buɗe miki taga ta Aljanna, iska mai sanyi ta riƙa shigo miki ba tare da kin yi kokawa da ita ba. Allah Ya sa Gwaggo Tima ta buɗe mini ƙofa.

Ɗanki mai baki,
Sani