Waƙar Dakan Adda Ta Shiga Faifai

Ikko, 1952

Zuwa ga yayata Adda Zuliha, a Sakwa.

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Yaya yara da damina?

Mu muna lafiya. Danshin garin nan ne dai ke sa kalangun Babayo makaɗina yin laushi, sai mun gasa shi a bakin wuta. Ni ma tari ya ɗan taɓa ni, amma kada ki gaya wa Inna. In da mai zuwa, a aiko mini da kuka da daddawa.

Adda, an ɗauki muryarmu a faifan garmaho! Aka rufe mu a ɗaki, ba guɗa ba tafi, aka ce in yi wa wani ƙarfe waƙa. Wallahi bakina ya mutu. 'Yan amshina suka zuba mini ido, Baturen da ke ɗaukar muryar yana duban agogo. Sai na runtse ido, na jiyo taɓaryarki, na ɗauko waƙar da kike yi kina daka tun ina ƙarami. Ita aka ɗauka.

In faifan ya iso kasuwar Azare, ki je ki saurara. Sunana za a faɗa, amma waƙarki ce. Baki kawai na ara mata. Allah Ya saka miki da alheri.

Ƙanenki,
Jumare