Ga Hajiyar da Ta Sayar wa Nasiba Tsumi

Zuwa ga Hajiya mai kayan gyaran jiki ta Al Muraqqabat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida iyali, da fatan kasuwa na tafiya. Ban kama sunanki ba saboda 'ya'yanki, amma duk wadda ta taɓa hawa benenki ta san da wa nake. Sunana Bilkisu, ina aiki a wani ofishin aika kaya a unguwar Port Saeed, nan Dubai. Ni ce yayar Nasiba. Na kira ki ba ki ɗauka ba, na je ƙofarki aka ce kin fita, shi ya sa na rubuta a inda kowa zai gani.

Bari in fara da abin da mutane ke raɗa a kai. Namiji mahaifiyarmu ta haifa, aka raɗa masa Nasiru. Tun muna yara a Kano yake jin kansa mace, ya sha duka a kan haka, bai canza ba. Da na kawo shi Dubai ya zauna a wurina, wata rana muna tsintar shinkafa ya ce, "Yaya, a cikin ɗakin nan kawai, ki kira ni Nasiba." Na yi hakan, kuma haka zan kira ta a nan. Hukunci na Allah ne. Ni dai na san mutum ce mai sallah, mai aika wa Inna magani kowane wata, wadda masarta ke sa 'yan kasuwar Kano su bar otal su zo ƙofarmu da safe. A waje tana sa jallabiya da hula don tsoron doka. A gida tana yi wa mata lalle, kuma ta haka kika san ta, a bikin 'yarki.

Ga ƙorafina.

Na farko, kin faɗa mata abin da ba gaskiya ba ne. Kin ce tsuminki da gumbarki haɗin itatuwa ne zalla, hulba da rake da sassaƙe daga gida, ba su da illa ko ga mai shayarwa. Ta yarda, ni ma na yarda, don mu duka mun tashi muna ganin iyayenmu na shan irinsu. Bayan 'yan watanni ƙirjinta ya fara tasowa, fatarta ta yi laushi. Ban taɓa ganin ta da farin ciki irin na lokacin ba. Takan tsaya gaban madubi ta daɗe, ta fito tana murmushi. Daga nan kika ƙara mata da wasu ƙwayoyi a ƙullin leda, babu kwali, babu suna, kika ce za su gaggauta aikin. Sai bayan komai ya faru likitoci suka duba ragowar kwalbar da na kai musu, suka ce akwai dakakken maganin hana ɗaukar ciki a cikin tsumin, mai yawa, kuma ƙwayoyin ledar ma shi ne. Wato kullum kashi biyu take sha ba ta sani ba.

Na biyu, da ciwo ya zo kin rufe mata hanyar asibiti. Ciwon kai ya fara, sannan ƙafarta ta hagu ta kumbura daga ƙwauri zuwa gwiwa, ta yi zafi kamar an ɗora garwashi. A gabana ta kira ki. Kika ce sanyi ne ke fita, alamar magani na aiki, ta ƙara cokali. Na ce mu tafi asibiti, ta ce kin gargaɗe ta: duk likitan da ya ɗaga rigarta ya ga ƙirjinta zai kira 'yan sanda, a kulle ta, a soke bizarta, ni ma a haɗa da ni. Na roƙe ta, na yi faɗa, na yi kuka. Ta ce ta fi tsoron a mayar da ita Kano a haka, da ankwa a hannu, Inna ta gani. Hajiya, kin san tsoron nan gaskiya ne a wurin irinsu, shi ya sa kika kama shi. Ba ita kike karewa ba, kwalbarki kike karewa.

Wata safiyar Asabar tana tsaye kan tanda, ta ajiye cokalin juya masa, ta dafe ƙirji ta ce numfashinta ba ya kaiwa ƙasa. Kafin motar asibiti ta iso leɓenta ya canza launi. Likitar da ta karɓe mu ta ga jikin Nasiba sarai. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kira kowa ba. Abu ɗaya take ta tambayata: me take sha, kuma nawa? Na ce mata ban sani ba, don babu rubutu a kan komai. Daga baya ta yi mini bayani cewa jini ne ya daskare a jijiyar ƙafa, ya ɓalle ya toshe huhu, kuma irin wannan magani na jawo hakan idan ba a auna shi ba, ba a duba jinin mai sha. Ta ce da an kawo ta lokacin kumburin ƙafa, da akwai abin yi. Nasiba ta rasu kafin la'asar.

Na uku, abin da ya biyo baya. Waɗanda suka yi mata wanka sun fito suna kallon juna, kafin a kai ta maƙabartar Muhaisnah magana ta zaga yankinmu na Deira. Mutanen da suka ci masarta shekara da shekaru, ƙalilan ne suka tsaya mata sallah. Ke ba ki zo gaisuwa ba, ba ki aiko ba. A makon nan na ga kin sake ɗora tallan tsumin a waya, da kalmomin da kika faɗa mata. Inna kuwa tana kira daga Kano tana tambayar ko ɗanta ya sha wahala. Ina ce mata a'a.

Ban kai ki hukuma ba tukuna, kuma ba don tausayinki ba ne. Idan aka buɗe wayarki za a ga sunayen ƙawayen Nasiba da ke saye a wurinki, su za a fara kamawa. Biyu daga cikinsu sun zo mini gaisuwa a ɓoye. Ɗaya tana ɗingishi, ta ce ƙafarta ce ke ɗan ciwo. Na kama hannunta muka tafi asibiti a ranar, an same shi da wuri, tana shan magani yanzu.

Don haka ina roƙon ki abubuwan nan. Ki daina zuba ƙwaya a tsumi kina kiran sa na gargajiya. Ki kira duk wadda kika sayar wa, matan aure da irin su Nasiba, ki faɗa musu abin da ke ciki, don su san abin da za su gaya wa likita. Ki daina tsorata marar lafiya da 'yan sanda. Wadda ta ce miki ƙafarta ta kumbura ko ƙirjinta na ciwo, ki ce ta tafi asibiti nan take. Idan kin kasa furta komai a gabana, na yafe miki zuwa gaisuwar, amma waɗannan ba zan yafe ba.

Allah Ya shirye ki, Ya ba ki halal mai albarka, Ya raya miki 'ya'yanki. Allah kada Ya nuna miki ranar da likita zai tambaye ki me ɗanki ya sha, ki rasa amsa.

Wassalam.

Bilkisu, yayar marigayiya,
Port Saeed, Dubai.